Farin Kwantenan da Ya Riƙe Min Inna

Inna ta zo gidana a Azuba ne da sharaɗi. Ta ce za ta zauna har likita ya gama da ita, daga nan ta koma Kwandere, kuma kada in fara yi mata dabarun 'yan boko. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu wata safiya a farkon damina, maƙwabta suka ɗauko ta a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti a Lafiya, aka kira ni ina tsakiyar darasi a makarantar 'yan matan da nake koyarwa. Allah ya rufa asiri ta farfaɗo, sai dai ƙafar hagu da ta ɗan yi nauyi. Likita ya ce a riƙa kawo ta awo a kai a kai, kada ta yi nisa da asibiti. Ni kuwa tun a ranar na ƙudurta a raina cewa ta zo ke nan. Ni kaɗai ce 'yarta mace, yayyena maza suna can wasu jihohi da iyalansu, kuma na san zuciyata ba za ta ɗauki irin wannan kiran waya karo na biyu ba.

Na gyara mata ɗaki, na sa mata fanka da labule mai furanni, na saya mata katifa mai taushi. Ta dubi katifar ta ce wannan ai ta masu jego ce, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Idan na fita aiki da safe na bar ta a baranda, idan na dawo a nan nake samunta, ta zuba wa katanga ido. Azuba unguwa ce ta sababbin gidaje a Lafiya, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, maƙwabcinka sai dai ka san ƙarar motarsa. Matar da ta yi rayuwarta tana dafa kalwa, tana yin daddawar da ake zuwa nema daga ƙauyuka, mata na shiga suna fita a tsakar gidanta, ita ce na ajiye a gaban talabijin. Kullum bayan la'asar tambayarta ɗaya ce: yaushe likitan nan zai sallame ni? Ni kuma in ce sai ya ga hali, ina kauda kai.

Bayan gidanmu akwai wani fili da ba a gina ba, da dogon ƙarfen sabis a tsakiyarsa. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar an zuba daɓen siminti a gindin ƙarfen, an ɗora wani farin kwantena a kai, irin wanda tirela ke ɗauka, sai dai wannan fes yake, babu ko ƙwarzane. An kewaye shi da waya, an yi masa rumfar kwano mai faɗi wadda ta zarce wayar, an jera faifan sola a sama. Ba shi da taga. Ƙara kawai yake yi, siririya, ba ta tashi ba ta sauka, idan ka saba da ita sai ka daina ji.

Unguwa ta ɗauka. Wasu suka ce kifin ƙanƙara ake ajiyewa a ciki, wasu suka ce a'a, ina aka taɓa yi wa kifi maigadi. Wata maƙwabciyata ta rantse min cewa mutuware ce ta masu kuɗi. Masu bin labaran waya kuma suka ce sabon netwok ɗin nan ne da ke sa ciwon kai da faɗuwar gashi, har wani dattijo ya daina bi ta wajen idan zai je masallaci. Ni dai abin da na lura da shi, wayata ta daina wannan juye-juyen da take yi kafin ta buɗe bidiyo. Ka taɓa, ya buɗe. Ban bi ta kan sauran zancen ba.

Inna ce ta gano abin da kwantenan yake yi wa unguwa da gaske. Likita ya sa ta tafiya kaɗan kullum saboda ƙafar, sai ta riƙa zagaya filin da sandarta. Rannan yayyafi ya kama ta, ta fake a ƙarƙashin rumfar ta baya, jikin waya. Ta dawo gida idonta na ƙyalli, irin ƙyallin da rabona da gani tun kafin ta kwanta ciwo.

Ta ce, “Malama, taɓa zanen nan.”

Malama take ce min idan tana so ta tsokane ni, don ba ta kiran sunana. Na taɓa. A bushe yake ƙayau, har da ɗumi.

Ta ce, “Akwatin can iskar rani yake hurawa ta baya. Ana ruwa, shi yana rani. Gobe ki sayo min kalwa.”

Wanda bai yi damina a Lafiya ba ba zai gane girman wannan magana ba. Ruwa ne yau, ruwa ne gobe, idan rana ta leƙo kafin ka fitar da tabarma hadari ya haɗu. Wanki ya kwana ya wuni a igiya yana warin danshi. Kuɓewar da aka yanka ta yi yauƙi ta ruɓe, alabo ya yi baƙi, daddawa kuwa fumfuna ta hau ta tun ba ta bushe ba. Ga shi a bayan gidana an ajiye wani abu mai manyan fankoki da ke fitar da iska mai zafi dare da rana, a ƙarƙashin rufi, ba wanda ke amfani da ita.

Na sayo kalwar a kasuwa, ban yi musu ba. Na san an ce ta huta, amma na ga abin da hutun yake mata. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye a kwando a lungun kicin ɗina, gidan duk ya ɗauki wari, maigidana ya riƙa shigowa yana toshe hanci yana dariya. Da ta nuna, ta daka, ta mulmula ta faɗaɗa, muka jera a faranti muka kai bayan kwantena. Kafin la'asar ta yi ƙarfi. Inna ta ɗaga guda ta ƙwanƙwasa da farce, ta gyaɗa kai.

Magana ba ta kwana ba. Cikin 'yan kwanaki matan da ban taɓa ganin fuskarsu ba suka fara fitowa daga bayan ƙofofin ƙarfe. Wata mata mai sayar da agushi ta kawo nata, wata 'yar Tibi ta kawo alabo, matar wani ɗan kasuwa Bakano ta aiko da kuɓewa da zogale, daga baya ta gaji da aike ta fito da kanta. Har mai cewa mutuware ce ta zo da wankin jaririnta. Wurin ba shi da faɗi, inda iskar ta fi zafi bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, sai Inna ta zama mai rabo ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Ita ke cewa wannan ya matsa gaba, wancan ya ja baya, ganye ba ya son zafi da yawa, alabo a saka shi a baki-bakin fanka. Aka kawo mata kujerar roba. Tambayar sallama ta ragu, daga baya ta ɓace.

Ni kuwa na shiga wani hali da ko ƙawayena ban gaya wa ba. Na fara yi wa kwantena addu'a. Idan wutar gari ta ɗauke sai in kasa kunne in ji ko ƙararsa na nan, idan na ji ta sai hankalina ya kwanta. Mace da digirinta, tana koyar da 'ya'yan mutane, ta koma tana roƙon Allah ya ja kwanan akwatin ƙarfe.

Ranar da injiniyar masu kwantenan ta zo, na ɗauka shi ke nan. Asabar ce ina gida, na hango farar mota ta tsaya, wata mata ta fito da hular kwano da manyan takalma, gajera, kakkaura, da furfura a gefen kunne. Ta zagayo baya ta tsaya, ta dubi farantan daddawa, ta dubi wankin jariri a jikin waya, ta dubi maigadi da ke ta sosa ƙeya. Na taho da sauri, na riga na shirya faɗa a bakina, don ni idan raina ya ɓaci ba na neman kalma. Sai kawai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

Ta ce da gurguwar Hausarta, “Kai! Na yi aiki wuri da yawa, ban taɓa gani wannan ba. Mama, kai ne shugaba a nan?”

Inna ta ce ita ce.

“To ba wahala. Wannan iska, mu ba mu so shi, shi ya sa mun tura shi waje. Amma abu biyu, Mama. Kada wani ya sheƙe hatsi a nan, kada wani ya daka barkono. Idan ƙaiƙayi ya shiga ta wancan gefe, inji zai yi tari, ni kuma oga na zai cinye ni.”

Inna ta ce ta ji, kuma daga ranar ko gyaɗa ba a sake ɓarewa a wurin ba. Ta naɗe wa injiniyar daddawa a ganye. Matar ta karɓa da hannu biyu ta ce tun rasuwar kakarta a can wajen Akwanga ba ta ga mai kyau irin wannan ba.

Daga nan duk zuwanta sai ta zauna da mu. Ita ce ta buɗe mana ƙofar sau ɗaya, ta ce mu leƙa daga nesa. Sanyi ya buso mana. Ciki dogon lungu ne, dama da hagu durowoyin ƙarfe har sama, ƙananan fitilu kore da shuɗi suna ƙiftawa ba adadi, wayoyi a ɗaure a jere kamar kitson amarya. Babu kowa a ciki, babu kujera. Inna ta daɗe tana kallo ta ce to su wa ke aikin?

Injiniyar ta ce kwamfutoci ne, suna aiki su kaɗai. Ta ce rumbu ne, amma na magana da hoto. Da can idan ka aika wa maƙwabcinka hoto, sai ya tafi wata uwa duniya, wani babban gini a bakin teku ko ma ƙetare, sannan ya dawo ya shiga wayarsa. Yanzu ana gwada kawo ƙaramin rumbun kusa da mutane, a haɗa shi da sabon netwok mai sauri, abu ya je ya dawo kafin ƙiftawar ido. Zafin da ke fita ta baya kuwa gumin aikin ne.

Wannan maganar ta zauna min. Da rana idan na dawo da wuri nakan je in zauna a gefen Inna, ruwa na zuba a kan kwano, iska mai ɗumi na dukan bayanmu, mata sun yi shiru, wata na gyangyaɗi da yaro a cinya. Sai in lumshe ido in riƙa jin kamar garin Lafiya gaba ɗaya yana wucewa ta bayana. Gaisuwar safiya da wani ya aika wa uwarsa, cinikin doya tsakanin mai gona da direba, hoton jaririn da aka haifa ɗazu, wa'azi, waƙar coci, faɗan masoya, duk suna shiga ta wancan gefe suna fita, suna bar mana ɗuminsu a kan kuɓewa da daddawa. Nakan ce a raina miyar da za mu sha gobe da hirar mutane aka busar da ita. A irin wannan lokaci ina jin daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba, ga uwata kusa da ni tana korar ƙuda da mafici, lafiyarta ƙalau.

Injiniyar mai son zance ce, Inna kuma mai son tambaya, ni ce ma nake zuga su don hirar ta yi tsawo. Wata rana da yamma, hadari ya wuce, sararin sama ya yi wani ja-ja a bayan ƙarfen sabis, ta cire hular kwanonta ta ɗora a gwiwa ta fara ba mu labarin abin da ke zuwa. Ta ce wannan babba ne don na yanzu ne, nan gaba za a yi wanda bai fi firji ba, a ɗora a bayan a-kori-kura a kai duk ƙauyen da ake so, rana ta ba shi wuta. Ta ce manomi zai nuna wa waya ganyen rogonsa ta gaya masa ciwon da ke damunsa. Yaro a ƙauye zai zauna aji ɗaya da na birni. Mota za ta yi magana da mota a kan hanya don kada su yi karo. Tana faɗa tana kallon sama, muryarta ta yi laushi, kamar mai ba da labarin garin da ta taɓa zuwa tana kewa.

Ta ce, “Har likita, Mama. Kai zauna a ɗakin ka a ƙauye, an ɗaura maka ƙaramin abu a hannu kamar agogo. Jini ya hau kaɗan, likita a Lafiya ya gani kafin kai ma ka ji. Zai kira ka, ka gan shi, ya gan ka. Ba shiga keke, ba layi. Tsoho ba zai bar gidan shi domin asibiti ba.”

Inna ta daina kaɗa mafici. Ta ce, “A ɗakina?”

“A ɗakin ka, Mama.”

“Yaushe?”

Injiniyar ta ɗaga kafaɗa ta yi murmushi. “Yana zuwa. Small small, yana zuwa.”

Na yi dariya tare da su, na ce Allah ya nuna mana. Muka kwashe faranti muka shiga gida.

Da ruwa ya fara ja baya, injiniyar ta zo ba da fara'ar da ta saba ba. Ta ce gwaji ya ƙare, an ga abin da ake son gani, za a ɗauke kwantenan a kai wani gari. Ta ce ai dama don haka aka yi shi a akwati, don a iya ɗagawa. Na tsaya a gabanta na zazzaga mata abin da ke cikina. Na ce wane irin aiki ne wannan, ku zo ku saba wa mutane da abu sannan ku ɗauke, an tambaye mu da za a kawo ne balle a tambaye mu da za a tafi? Ta bar ni na gama, don ta san ba da ita nake ba. Ta ce ita ma aike ce, kuma sabis ɗin unguwa ba zai lalace sosai ba. Ni ina ruwana da sabis.

Ranar ɗaukewar, da hantsi aka zo da mota mai ƙugiya. Aka kashe injin kwantenan, shirun da ya biyo baya ya sa kowa ya dubi ɗan'uwansa, don mun manta yadda unguwar take ba tare da wannan ƙara ba. Aka kwance rumfar, aka ɗaura sarƙoƙi, farin kwantenan ya tashi sama a hankali yana ɗan juyawa, rana na haska cikinsa ta ƙasa inda ba mu taɓa gani ba. Yara na ihu, mata sun tsaya da faranti a hannu. Aka ɗora shi a tirela, ta fita titi ta karya, muka bi ta da ido har ta shige bayan gidaje. Inna ta ɗaga wa injiniyar hannu ta sa mata albarka.

Matan sun yi ƙoƙari, ban ce ba su yi ba. Sun ɗan ci gaba da fitowa suna zama a kan daɓen, amma rana ta dawo, kowa na da tsakar gidansa da zai yi shanya. Ɗaya bayan ɗaya ƙofofin ƙarfe suka rufe. Na ce wa Inna zan saya mata injin busar da kaya, akwai masu ƙera shi a cikin gari. Ta ce in bar kuɗina.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ta kira ni ɗakinta, ta ce in zauna. Ta ce riɗi ya isa yanka a Kwandere, gidanta ya sha damina ba kowa, tana so ta tafi. Na ce likita bai sallame ta ba. Na ce ƙafarta, na ce jininta, na ce idan ta sake faɗuwa ba kowa kusa fa? Na ɗaga murya, na yi kuka, na ce so take ta kashe ni da raina. Ta bari na yi shiru don kaina.

Ta ce, “Ba ki ji abin da mai hular kwano ta faɗa ba? Ta ce likita zai zo ya same ni a ɗakina. Ke ma kina wurin, har kika ce Allah ya nuna mana.”

Na ce, “Inna, wannan ba yau ba ne, ba gobe ba ne. Ita kanta ba ta san ranar ba. Wataƙila sai jikokinki.”

Ta ce, “To. Ai jira ne. Nan ma jira nake. Gara in je in jira shi a gida.”

Na dube ta. Ba wauta ce ta sa ta faɗa ba, ta san nisan abin kamar yadda na sani, na gani a idonta. Ta dai sami maganar da ba zan iya karyawa ba ne ta riƙe.

Ni na kai ta da kaina. Na haɗa mata magunguna, na roƙi wata jikar ƙanwarta ta riƙa kwana da ita, na yi alkawari da mai keke ya riƙa kawo ta awo. Tana zuwa idan ta ga dama, idan ba ta ga dama ba ta ce a gaya min lafiyarta lau. Sabis a gidanta sai an fita bakin hanya, wani lokaci in kira in kira ba ya shiga, in zauna da waya a hannu har sai ta shiga na ji muryarta.

Yanzu idan ina cikin keke a hanyar makaranta na hango tirela ɗauke da farin kwantena, sai in ce wa mai keken ya ɗan rage gudu. Yawanci na kayan shago ne ko na 'yan kifi, na sani. Duk da haka ba na iya ɗauke ido sai na ga ko hanyar Kwandere za ta karya.